Kwana Goma Sha Huɗu

Kwanakin baya na shiga aji na jera wa ɗalibaina kalmomi shida a jikin allo: "separate", "isolate", "segregate", "scatter", "shatter" da "alien". Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare da ke nan Kumasi, darasin kuwa irin wanda ake yi wa 'yan ajin ƙarshe ne gab da jarrabawa, babu wani abin a zo a gani a cikinsa. Ina tsakiyar bayani sai wata yarinya 'yar Asawase, wadda ta san ni ma ɗan zango ne, ta ɗaga hannu ta yi mini tambaya da Hausa, abin da ba a saba yi a ajin Turanci ba. Ta ce, "Malam, wannan wahala duk ta mece ce? Ai dukansu rabuwa suke nufi." Masu jin Hausa a ajin suka yi dariya, ni ma na taya su. Na ce mata kowace kalma da muhallinta, ta je ta duba ƙamus. Irin amsar da malami ke bayarwa ke nan idan yana so a wuce wurin.

Da na koma gida Aboabo da yamma tambayar ta ƙi sakina. Na san amsarta ta gaskiya, kuma a wurin gwaggona na same ta, matar da ba ta taɓa zama a ajin boko ba, wadda duk Turancin da ta riƙe a duniya bai wuce kalmomi uku ba.

Kakana na wajen uba mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar. Yana saurayi ya biyo 'yan garinsu masu fataucin goro zuwa Kurmi, tun kafin Gana ta sami 'yancin kanta a 1957, ya sauka a zangon Kumasi. Ya fara da dako, ya koyi zaɓen goro da ɗaurin huhu, har ya kai ga yin cinikin kansa. A nan ya auri kakata, haifaffiyar zango, suka haifi 'ya'ya uku: Baffa, sai Gwaggo, sai mahaifina. Ranar da ya shigo ƙasar babu wanda ya tambaye shi takarda, shi ma bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai ranar da za a tambaya ba.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta fitar da umarnin da aka sa wa suna "Aliens Compliance Order". Duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da takardar izinin zama, an ba shi kwana goma sha huɗu ya samo ta ko ya bar Gana. Abin ya faɗa kan Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Gwaggo tana da shekara goma sha biyu a lokacin. A cikin makonni biyun nan ta haddace kalmomin da suka yi ta fitowa daga rediyo da bakin 'yan sanda: "alien" da "fourteen days". Takan ba ni labarin yadda mutane suka riƙa karyar da keken ɗinki da gadon ƙarfe a wulaƙance, da yadda tashar mota ta cika da mata da yara suna kwana a kan kayansu.

Kaka ya je ofis ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, takarda ba ta samu ba. Ana saura kwana uku wa'adi ya cika ya yanke shawara: zai tafi da Baffa, wanda ya fara tasawa, kakata kuma ta koma gidan mahaifinta da ƙananan biyu har ƙura ta lafa. Da zai hau mota ya miƙa wa Gwaggo farin goro guda, ya ce ta ajiye masa, kafin ya bushe zai dawo. Goron ya bushe, ya ƙanƙance, ya zama kamar tsakuwa. Bayan 'yan shekaru aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa a Madawa. Kakata ta yi takabarta a Aboabo, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taka garin da aka binne mijinta ba.

Na daɗe ina juya kalmar "alien" a raina. Daga Latinanci ta fito, ma'anarta ta asali abin da yake na wani. Idan aka ce in mayar da ita Hausa, baƙo ce ke fara zuwa bakina, amma da na faɗa sai in ji ba su dace ba. Baƙo a wurinmu yana da mai masauki, wanda zai shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya tsaya masa idan magana ta taso a kasuwa. Da haka aka gudanar da cinikin goro tsakanin Kurmi da ƙasar Hausa shekaru aru-aru. Sunan unguwanninmu ma shaida ne, domin zango wurin saukar matafiya ne, kuma ba mu taɓa jin kunyar sunan ba. Ko bare, da ta fi kusa da ita, yakan zama suruki, daga nan ya zama kakan jikoki. "Alien" irin ta takardar gwamnati ba ta da mai masauki, ba ta da hanyar zama dangi. Tsakaninta da mutum sai hatimi da sa hannu. Ɗalibaina na yau a finafinai suka san ta. Da na tambayi ma'anarta, wani yaro cewa ya yi halittu ne masu manyan idanu da ke saukowa daga sararin samaniya. Na yi shiru ina tuna hoton Kaka ɗaya tilo da muke da shi, da rawaninsa, da carbi a hannu.

Kalmar kuwa ba ta da ƙabila. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta ɗauko ta, ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin mako biyu su fice. Wajen mutum miliyan ɗaya 'yan Gana suka kwaso kayansu a jakunkunan nan masu zane-zane, waɗanda har yau sunan wannan kora suke amsawa a kasuwa. Mahaifina da yake ba ni labarin bai nuna murna ba, bai nuna mamaki ba. Cewa kawai ya yi, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shekara hamsin da 'yan watanni bayan tafiyar Kaka, annobar korona ta iso. A watan Maris na 2020 aka rufe iyakokin Gana, ranar 30 ga watan kuma aka hana fita a Akra da Kumasi, dokar da ta ɗauki mako uku. Gwaggo ta haura sittin a lokacin, tana sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu kamar yadda take yi tun ina yaro. Wajen tsakiyar shekarar ta fara tari da zazzaɓi, ta daina jin ɗanɗanon abinci. Aka yi gwaji. Kwana kaɗan sai ga ma'aikatan lafiya a ƙofar gida, fuska a rufe. Wata matashiyar nas mai ladabi ta rusuna ta yi mata bayani da harshen Asante, wanda Gwaggo ke ji kamar Hausa. Sai dai kamar yadda mu 'yan boko muka saba, duk inda magana ta zo kan abu mai nauyi sai ta tsallaka Turanci. Ta ce za a kai ta "isolation", ta zauna "fourteen days".

Ina tsaye na ga fuskar Gwaggo ta sauya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki, ta kira ni, ta zaunar da ni a bakin gado, ta fara lissafa mini waɗanda take bi bashi da waɗanda ke bin ta: mai gero sidi kaza, mai gawayi kaza, kuɗin adashi yana ƙasan akwati. Duk Bahaushe ya san lokacin da babba ke yin irin wannan lissafi. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Kalmar farko da yarinyar nan ta faɗa, kora ce? Ta biyun na san ta. Ita aka faɗa wa Baba."

Na san "isolation" ciki da bai. Na sha gaya wa ɗalibai cewa tushenta kalmar Latinanci ce mai nufin tsibiri, ta biyo ta harshen Italiya kafin ta shiga Turanci, wato a mai da mutum tsibiri, ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe. Wa zai faɗa wa tsohuwar da ta gama lissafin bashinta haka? Gidajen rediyon Hausa killacewa suke cewa, kuma sun yi daidai, amma a kunnen Gwaggo dabba ake killacewa, ko fili. Keɓewa kuma za ta tuna mata da labarin tsofaffi na masu agana da ake kai wa bukka a bayan gari. Kowace na ɗauko sai in ga ƙofar shiga kawai gare ta.

Sai wata kalmar ta faɗo mini, wadda ita ma ke yawo a labarai a kwanakin: "quarantine". Ita wannan lissafi ne a cikinta. Daga kalmar Italiya mai nufin arba'in aka samo ta, domin a zamanin annobar da ta addabi Turai, biranen bakin teku irin su Fenis sukan tsare jirgin ruwa da mutanensa kwana arba'in kafin a bar su su shigo gari. Birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa irin wannan doka tun 1377 da kwana talatin. A kan ranar fita aka gina kalmar. Mu ma kuwa muna da namu arba'in ɗin.

Na ce, "Gwaggo, ba kora ba ce. Zaman arba'in ne, irin na mai jego. Za a ajiye ki wuri guda, a kula da ke, a kawo miki abinci, ba kya fita kuma ba a shigo miki barkatai. Nasu ma bai kai arba'in ba, goma sha huɗu ne. Ranar da suka cika ki yi wanka ki fito."

Ta yi shiru tana kallona. Can sai ta ce, "Jego da furfura? To ina jaririn?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ka gaya musu ni ba na jego sai da kunun kanwa." Ta fita ta sami nas ɗin, ta tambayi ranar dawowa, ta ƙirga kwanakin da yatsunta sau biyu, sannan ta ƙulle zane biyu da carbi a ɗankwali, ta ɗauki butarta.

Dole in faɗi laifina. A wurin likitoci kalmomin biyu sun bambanta: "quarantine" ta wanda ya yi cuɗanya da mai cuta ce, ana jira a ga ko ya kamu, "isolation" kuma ta wanda aka tabbatar ya kamu. Da ɗalibi ne ya musanya su a jarrabawa, da na ja masa jan biro. Ga shi kuma na yi mata alkawarin fita alhali ba a hannuna abin yake ba, kuma na san akwai waɗanda aka kai ba su dawo ba. Darare goma sha huɗun nan ban yi barcin kirki ba. Kullum da asuba nakan kira ta a waya, idan ta yi jinkirin ɗauka sai gabana ya faɗi, in ce yau maganata za ta kama ni. Ita kuwa da ta ɗauka, kafin gaisuwa, sai ta ce, "Saura tara." Washegari, "Saura takwas." Allah cikin ikonsa ya ba ta lafiya, ta dawo gida da ƙafafunta.

Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba. Gwaggo ta hura wutarta, ta dama kokonta, ta fito bakin layi, sai mutanen da suka shekara ashirin suna karyawa a wurinta suka riƙa ratsewa ta ɗaya gefen titi. Aka hana yara zuwa da kofi. A wurin ɗiban ruwa mata suka riƙa ja da baya da bokitansu. Takardar sallama daga likita tana hannunta, babu wanda ya nemi gani. A nan na fahimci "segregate" fahimtar da littafi bai ba ni ba. Ita ma daga Latinanci take, kuma kalmar garke ce a cikinta: a fitar da dabba daga garke a tsayar da ita gefe. Da ita aka kira dokokin da suka raba baƙar fata da farar fata a kudancin Amurka, har Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta hakan a makarantun gwamnati a 1954. Wanda aka yi wa ita yana cikin gari, yana ganin kowa, kowa yana ganinsa, kuma babu mai gaya masa ranar da za a daina. Gwaggo ta ce waɗannan makonni sun fi mata zaman asibiti ciwo, domin a can tana da abin ƙirgawa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta karya abin. Wata safiya ta fito da kujerarta 'yar tsugunno, ta dasa ta kusa da tukunyar, ta sayi koko ta sha a gaban kowa, tana ɗaga murya wai sukari ya yi kaɗan. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Kafin mako ya zagayo layi ya koma yadda yake.

Ba a buɗe iyakokin Gana na tudu ba sai ƙarshen Maris na 2022. A wannan tsakanin Baffa ya rasu a Madawa. Saƙon murya ne ya zo ta WhatsApp da dare, Gwaggo ta saurare shi sau uku, ta ajiye wayar. Tun ranar da ya hau mota da Kaka, sau huɗu kacal suka sa juna a ido. Da hanya ta buɗe na ɗauke ta muka tafi ta'aziyya. Muka bi ta Togo da Benin, muka haye gadar kogin Kwara daga Malanbil zuwa Gaya, muka wuce Doso da Dogondutsi da Ƙonni.

A Madawa muka tarar da gida cike da mutane masu goshin mahaifina da irin tafiyarsa. Suna cewa "mi" inda muke cewa "me", suna lissafin kuɗi da dala da jika, suna yi wa Hausar bakina ta zango dariya wai ba ta san mace ba ta san namiji ba. Mutanen gari suna kiran gidan da gidan 'yan Kumasi, mu kuma a Aboabo tun ina yaro 'yan Nijar ake ce mana. Ranar Juma'a aka kawo mana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, dahuwar Gana sak. Baffa ne ya koya wa matarsa, ita kuma ta koya wa 'ya'yanta. Gwaggo ta kai loma ɗaya, sai hawayen da ta riƙe tun daren saƙon suka zubo.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin kalmomi biyun nan masu kama da juna, "scatter" da "shatter". Masana tarihin Turanci suna ganin asalinsu ɗaya ne, daga baya suka rabu. Ta farko ita ake faɗa wa iri idan manomi ya watsa shi, da tsuntsaye idan aka firgita su. Ta biyu ta gilashi ce da tangaran. Na yi wa Gwaggo bayani a cikin mota, na tambaye ta wace ce ta sami gidanmu. Ta ce ba ruwanta da Turanci, Hausa ta ishe ta. Sanda karyewa take yi, zane yagewa, igiya tsinkewa, tukunya fashewa, kuma kowanne da hukuncinsa. Ƙwarya idan ta tsage ana kai wa gyartai ya ɗinke. Igiya ana ƙulla ta ta ci gaba da jan ruwa, sai dai duk wanda ya shafa zai ji ƙullin. Tukunyar ƙasa kuwa idan ta fashe ta tafi ke nan, sai tsingaro a ɗebo wuta da shi. Ta ce, "Mu da mutanen Madawa igiya ce. Inna da Baba tukunya ce." Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba har muka iso Gaya.

Washegarin ranar da yarinyar ta yi mini tambaya na koma ajin, kalmomin suna nan a allo ba a goge ba. Na ce su rufe ƙamus. Na gaya musu "separate" ita ce uwar sauran, iyakar abin da take faɗa shi ne abu biyu ba sa tare. Ko tsakuwa da shinkafa ana yi musu ita. Sauran kuwa kowace tana ɗauke da ƙarin labari, kuma mai son sanin su sai ya yi wa kowace tambaya biyu: wa ya yanke hukuncin, kuma akwai ranar komawa? Na ce kalmomin nan sun fi zama a takardar asibiti da ta kotu da ta kan iyaka, kuma wata rana su ne za su tsaya tsakanin irin wannan takarda da wata tsohuwa a gidansu. Wanda ya ce mata duk rabuwa ce, ya bar ta da mafi munin ma'anonin. Sannan na ba su labarin goron Kaka.

Da aka tashi yarinyar ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce kakarta ma tana da 'yar'uwa da aka tafi da ita a waccan shekarar, wajen Sakkwato, ba a sake jin ɗuriyarta ba, kuma a gidansu ba a tayar da maganar. Ta tambaye ni wace kalma ce ta dace da wannan a cikin shidan. Na dubi allon, na ce mata babu mai iya faɗa tukuna, sai an je an nemo. Ta ciro littafinta ta rubuta wani abu, ta ce yau da dare za ta tambayi kakarta sunan unguwar.